Shekarar da Birai Suka Sauko Wurin Aiki

Ku 'ya'yan unguwar Rusaifa ta nan ƙasa mai tsarki kuna ba ni dariya. Jiya ina shigowa gidan ƙanwata na ji ɗayanku yana cewa aikin Kawu Isa ai ba aiki ba ne, zama ne cikin sanyi da sanda biyu a hannu, kamar wasan da kuke yi a waya. Ban tanka ba, don an riga an ajiye shinkafa. Yau kuwa na ƙoshi, kuma babu inda za ni. Ku ajiye wayoyin nan ku matso. Wanda Hausarsa ta yi rauni ya tambayi na kusa da shi.

Abin da nake tuƙawa shi ne boklen, injin haƙa mai dogon hannu, wanda mutanenmu na gida suke haɗawa da 'yan'uwansa su kira su duka katafila. A bakin hannun ana ɗaura guga mai haƙoran ƙarfe in ƙasa za a kwasa. In dutse ne sai a cire gugan a ɗaura guduma, wadda ke dukan dutse har ka ji haƙoranka suna rawa. Ba shi da taya, a kan sarƙa yake tafiya. Sanda biyun nan da kuke rainawa, ɗaya tana juya jiki da miƙa hannu, ɗaya tana ɗagawa da naɗe guga. Wannan ko ku kuna iya haddacewa kafin shayi ya huce. Sauran kuwa ni har furfura ta fito ban gama koyo ba.

Aikina na farko girisi ne. Maigidana Mu'allim Garba, Basakkwace ne da ya zo aikin hajji tun yana saurayi bai koma ba, yana zaune a unguwar Mansur. Mahaifina ya kai ni wurinsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini famfon girisi. Kullum da safe in bi kowace gaɓa ta injin in ɗura mata, in duba tiyo, in duba mai, in ƙwanƙwasa haƙoran guga in ji ko akwai mai motsi. Kujerar direba kuwa sai dai in share ta. Ranar da na gaji na ce, "Mu'allim, yaushe zan hau?" sai ya ce, "Ran da ka iya gaya mini mi dutsi yac ce." Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Ashe nufinsa sauti. Dutse mai ƙwari in guduma ta sauka a kansa ƙara yake yi tas, kamar an buga tasa. Wanda yake da tsaga a ciki sai ka ji dum, kamar ganga ta jiƙe. Wanda ke shirin zamewa yakan fara zubo da tsakuwa, 'yar kaɗan, kamar yana gyaran murya. Da na fara bambance su ya bar ni na hau. Kuma doka guda ya kafa mini: in kana gangara, haƙoran guga su kasance a ƙasa gabanka, ko da gangaren bai fi na ƙofar masallaci ba. Ya ce gugan shi ne sandar makaho.

Ramin farko da na haƙa ni kaɗai na tankunan wani gidan mai ne a unguwar Shisha. Mai wurin ya kawo kujera da lema ya zauna a bakin ramin yana koya mini aiki. "Ɗan ƙara hagu. A'a, dama. Kai, haka ake haƙa?" Mutumin da ko shebur bai taɓa riƙewa ba. A nan na gane masu ba da aiki iri biyu ne. Akwai wanda ba ka ganinsa sai ranar da aka gama, akwai wanda ba ya barinka sai ranar da aka gama. Duka biyun ka ce musu "na'am", ka yi abin da dutsen ya yarda.

Garin nan kun san a cikin duwatsu yake. Duk inda kuka ga fili shimfiɗe, da fanfunan mai a jere da fitilu, to a da akwai tsauni a wurin, wani irina ne ya rage masa tsawo. Na haƙa wa tankuna, na fasa wa hanyar tankokin mai, na gyara filin da ake tara tukwanen gas. Ba na kuka da wannan. Da shi na yi aure, da shi na aurar. Kuma iyayenku mata da suka taɓa girki da itace za su gaya muku tukunyar gas ta ceci itatuwa da yawa a bayan gari. Amma akwai aiki guda da nake so ku ji, don shi ne ya cinye mana shekara.

Wani kamfani ne ya karɓi kwangilar shimfiɗa bututun mai zuwa wani sabon ma'aji, ta cikin duwatsun gabas, can bayan an wuce alamun iyakar harami. Ɗan kwangilar da muke ƙarƙashinsa ana ce masa Abu Nayif, mutum mai fara'a in aiki yana gudu. Injiniyanmu Basudane ne, Muhandis Usman, dogo, ba ya ɗaga murya. Aikina in fasa hanya a jikin tsauni, sannan in haƙa ramin bututu a gefenta, tifofi suna kwashe dutsen. Aka kafa mana sansani a gindin tsaunin, da ɗakunan kwano da tankin ruwa.

Ƙasa da inda layin zai bi akwai wani kwazazzabo, a cikinsa akwai idon ruwa. Ba wani abin kirki ba ne, ruwa ne ke tsatsafowa daga tsagar dutse yana taruwa a wani ɗan kwari da bai fi faɗin tabarma ba. Amma duk mai rai a tsaunin nan a nan yake sha. Daga kujerata ina hango su. Da safe makware, sai agwada, wata dabba kamar ƙaton zomo marar kunne da ke shan hantsi a kan duwatsu. Wani lokaci awakin dutse masu manyan ƙahoni, su da wuya ka gan su sau biyu. Sai kuma birai, manyan nan masu jan gindi, garke guda. Shugabansu wani tsoho ne mai farin gashi har kafaɗa. Yakan hau dutse ya zauna ya ɗora hannu a gwiwa yana kallonmu muna aiki, ba ya taɓa komai. Direbobin tifa suka sa masa suna Mudir, wato manaja.

Akwai mutum guda a wurin, Ammi Salim, dattijo daga mutanen duwatsun. Yana da amya jere a ƙarƙashin magarya kusa da ruwan, da 'yan awaki. Ranar da muka fara ya hau har inda nake da butar gahawa. Na kashe inji na sauko. Ya zuba mini, ya dubi gudumar ya ce, "Wannan ce ke hana ƙudan zumana barcin rana?"

Na ce, "Ita ce, Ammi. Ka yi haƙuri, wucewa za mu yi."

Ya ce, "Kowa wucewa yake yi, ɗana. Ka dai bi ta a hankali. Dutsen nan yana da jijiya."

Na kai wa Muhandis Usman maganar, bai yi wasa da ita ba. Ya sauka ya duba idon ruwan, ya sa aka matsar da layin sama gwargwadon abin da aka yarda masa, ya hana tifofi zubar da komai ta wannan ɓangaren. Ni ma na rage ƙarfin guduma, ina bin tsaga maimakon in fasa sabuwa. Kowa ya yi abin da ya sani. Duk da haka, muna gama yanka kafaɗar tsaunin ruwan ya fara ja baya. Yau rabin tabarma, gobe faɗin faranti, har aka wayi gari sai laka mai tsagewa. Jijiyar ta bi ta inda babu wanda ya zata, girgiza ta karkatar da ita. Kuma zafi ya shigo.

Makware suka fara ɓacewa, ba wanda ya lura sai da safiya ta yi shiru. Awakin dutse ban sake ganinsu ba. Agwada suka ragu. Su birai kuwa ba su da niyyar ƙaura. Mudir ya zauna ya yi nazari, ya ga waɗanda suka ɗauke masa ruwa suna da tanki, sai ya kwaso iyalinsa suka sauko.

Da farko abin dariya ne. Mun dawo cin abincin rana muka tarar da wata uwa ta murɗe famfon tanki tana sha, 'ya'ya suna layi. Buɗewa suka koya, rufewa kuwa har muka rabu ba su koya ba, kamar wasu da na sani a gidan nan. Tankin da zai kai mu mako sai ya ƙare a yini. Aka sa wa famfo kwaɗo, suka koma ɗakin girki. Mai dafa mana abinci ya fito yana rantsuwa cewa wani ya ɗauke buhun burodi ya tsaya ya dube shi ido cikin ido kafin ya tafi. Wani direba ya bar gilashin tifa a buɗe, ya dawo ya tarar an cinye dabinonsa an bar masa tukuici a kan kujera. Muka yi ta yi masa barka.

Ranar da dariya ta ƙare, na ajiye inji a saman yanka na tafi sallar azahar da hutun rana. Da safe na duba komai kamar kullum, lafiya lau. Na'urar sanyin nan da kuke yi mini gori a kanta tana ɗigar da ruwa ta ƙarƙashi, kuma birai sun gano. Ina can ina hutawa suka shiga ƙarƙashin injin suna lasa, suna jan duk abin da ya yi kama da tiyo. Wani ya sa haƙori a tiyon dizal. Bai tsinke ba, huda ce ƙarama. Na dawo na tayar, ya tashi lafiya. Na kama gangara zuwa inda zan ci gaba da rami, ƙasa duk tsakuwa ce sabuwar fasawa, a hannun hagu kuwa kwazazzabo ne. Ina tsakiyar gangaren injin ya yi tari, ya sake yi, ya mutu.

In injin boklen ya mutu, sanda biyun nan sun zama itace. Sarƙa ta kulle, amma tsakuwar da ke ƙarƙashinta ba ta kulle ba. Na ji injin gaba ɗaya yana tafiya da ni a hankali, yana karkata hagu, tsakuwa tana zuba cikin kwazazzabo ina jin saukarta can ƙasa. Haƙoran gugan suna ƙasa gabana, yadda Mu'allim Garba ya saba mini. Suka yi ta jan ƙasa suna tara ta, har suka ci karo da dutse mai ƙwari suka kafe. Injin ya yi wata girgiza ya tsaya, bakin sarƙar hagu yana leƙen rami. Na buɗe ƙofa a hankali, na taka sarƙar, na bi ta baya na sauka da rarrafe. Da na ɗaga kai, ga Mudir a kan dutsensa da hannu a gwiwa, yana duba yadda aiki ke tafiya.

Sai da aka kawo wani injin da igiyoyin ƙarfe aka jawo nawa. Masu kula da lafiyar ma'aikata suka zo suka tsayar da aikin gaba ɗaya, suka ce ba mai sake hawa sai an san yadda za a yi da dabbobin. Muka zauna. Wanda bai taɓa zaman sansani babu aiki cikin zafi ba bai san tsawon yini ba. Wasu direbobin aka sallame su. Abu Nayif fara'a ta ɗauke. Ya tara mu ya ce shi ya san magani, a zuba wani abu a cikin burodi a ajiye musu, kwana biyu an huta.

Muhandis Usman ya ce, "Wannan hukuma ba za ta yarda ba, ni ma ba zan sa hannu ba."

Abu Nayif ya ce, "To a kawo karnuka."

Mai girki ya ce, "Karnukan ma ni zan dafa wa, kuma biran za su ƙwace."

Ammi Salim yana zaune a gefe, don ya zo roƙon ruwan awakinsa. Ya ce, "Ba burodinku suke so ba. Da can kun gan su a nan? Ku mayar musu da ruwa, su mayar muku da sansani."

Abu Nayif ya ce, "Ni bututu aka ba ni, ba rijiyar birai ba."

Muhandis ya ce, "Injin yana zaune, Isa yana zaune. Ka ba ni su kwana kaɗan mu nemi ruwan. In ba a samu komai ba, ba ka rasa abin da kake da shi yau ba."

Abu Nayif ya ce a je a gwada.

Wannan haƙar ita ce mafi wuya da na taɓa yi, kuma babu dutsen kirki da na fasa a cikinta. Ruwan da ya ɓata bai bar tsaunin ba, hanya ya sake. Ammi Salim ya bi kwazazzabon da ƙafa yana duban itatuwa, ya nuna wata magarya can ƙasa da ganyenta bai yi yaushi ba. Muhandis ya auna ya ce zai yiwu. Sai da na yi wa kaina 'yar hanya na sauka. Guduma kuwa an hana, don abin da ya kore ruwan ba shi zai dawo da shi ba. Na ɗaura ƙaramin guga. Ka ɗauki abin da ke ɗaga dutse mai nauyin mota, ka ce ya yi aikin cokali. Ina kankare ƙasa kaurin tafin hannu, in tsaya, Ammi Salim ya sauka ya damƙi ƙasar ya shinshina, ya girgiza kai, in sake. In ka zurfafa da ƙarfi ka huda shimfiɗar da ke riƙe ruwan, ya tsere ƙasa, shi ke nan. In ka taɓa saiwar magaryar, ka kashe mai nuna maka hanya. Wuyan hannuna ya yi ciwon da bai taɓa yi a kan guduma ba.

Ana nan, wata la'asar, na ga ƙasar da ke bakin haƙoran ta canza launi. Ammi Salim ya damƙa, ya matse, ta dunƙule a hannunsa ba ta warwatse ba. Ya ɗaga mini ita sama. Muka bar ramin ya kwana. Da safe ruwa ya taru a gindinsa, kamar cikin kwano. Na gyara bakin ya yi gangare don ƙananan dabbobi su iya sauka su fito, muka jera duwatsu kewaye.

Ba mu aika wa Mudir takardar gayyata ba, amma kafin azahar yana wurin. Ya sauko ya duba, ya sa hannu ya ɗanɗana, ya zauna. Sai sauran suka biyo. Mai girki ya ce biri ya yi kama da mutum, ga shi har ya karɓi aiki bai ce an gode ba.

Kada ku ɗauka komai ya koma yadda yake. Ruwan bai kai rabin na da ba. Manyan biran sun bar sansani, amma matasansu da suka ɗanɗana burodi da cuku ba su ga dalilin komawa cin 'ya'yan ƙaya ba. Ƙura ta rufe furen magarya, zuma ta ƙi, ƙudan suka yi ta guduwa amya bayan amya. Muna gama binne bututu Ammi Salim ya ɗora abin da ya rage a bayan wata tsohuwar mota, ya ce zai bi 'yan'uwansa kudu inda tsauni bai san guduma ba tukuna. Ya ba ni zuma a 'yar kwalba, ya ce ta bara ce, ta bana babu. Aikin da aka ce na 'yan watanni ne ya ci shekara. Hanyar da na fasa don injina daga baya aka zuba mata kwalta, motoci suka samu gajeriyar hanya, mafarauta ma suka samu.

Kwanakin baya na bi ta wurin zan kai maiɗakina ziyara. An gina gidan mai daidai kafaɗar tsaunin da na yanka, da kanti da wurin sallah. Birai suna zaune a kan katanga a jere, sun yi ƙiba, suna jiran masu mota su jefo biskit. Na tsaya shan mai. Mai zuba man na ji harshensa na san mutumin Maraɗi ne, sabon zuwa. Muka gaisa da Hausa, ya yi murna kamar ya ga ɗan'uwansa. Yana riƙe da bakin famfo yana hararar katangar.

Ya ce, "Baba, dabbobin nan sun ishe ni. Ko abinci ba na iya ajiyewa. Ga duwatsu can iya ganinka, me ya hana su komawa gidansu?"

Na ce, "Gidan nasu ni na loda shi a tifa. Wani yana ƙarƙashin kwaltar nan, wani kana tsaye a kansa."

Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni, ya rasa ko wasa nake yi. Sai ya ce, "To na nawa za a zuba?"

Na ce masa ya cika.